Tsohuwar Mazaɓa ta 2 ta Toronto: kujerar kansilan da gida ɗaya ya riƙe shekara 18

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina karatun kimiyyar siyasa, an ba mu aiki kowa ya zaɓi mazaɓar kansila ɗaya a wata ƙasa ya rubuta tarihin zaɓukanta. Na ji ana cewa a birnin Toronto na Kanada akwai mazaɓar da 'yan gida ɗaya suka riƙe tun daga ranar da aka kafa ta har ranar da aka soke ta, wai Mazaɓa ta 2. Da na duba shafin birnin sai na tarar kansilan Mazaɓa ta 2 wani ne Stephen Holyday, ba ɗan gidan ba. Labarin ƙanzon kurege ne, ko ni ne na ɓata? In gaskiya ne, me ya sa jama'a suka yi ta zaɓensu, kuma yaya ake bin diddigin mazaɓar da babu ita yanzu?"

Wa alaikumus salam. Labarin gaskiya ne, kai ma ba ka ɓata ba. Lamba ɗaya ce aka ba wurare biyu. Wadda aka ba ka labarinta ita ce tsohuwar Mazaɓa ta 2, Etobicoke ta Arewa, da ta rayu daga zaɓen 2000 zuwa ƙarshen Nuwamban 2018. Wadda ka gani a shafin birni sabuwar Mazaɓa ta 2 ce, Etobicoke ta Tsakiya, da aka shata a 2018, kuma tana kudu da inda waccan take. Sunan yankin "Itobiko" ake furta shi, ba a faɗin harufa biyun ƙarshe. Shi ma Holyday ɗin da ka gani ɗan gado ne, don mahaifinsa Doug Holyday shi ne magajin garin Etobicoke na ƙarshe, amma wannan wani zance ne daban.

Abu uku ka tambaya ke nan: wa ya ci, me ya sa ya ci, da yadda za ka tabbatar da kanka. Amsar ta farko gajeruwa ce. An yi zaɓen kansila sau shida a mazaɓar, duka shidan kuma ɗan gidan Ford ne ya ci: Rob Ford sau huɗu, yayansa Doug Ford sau ɗaya, ɗan 'yar'uwarsu Michael Ford sau ɗaya. Shi Doug ɗin ne kuma, bayan ya zama firimiyan lardin Ontario, ya kawo dokar da ta shafe mazaɓar daga taswira. Sauran biyun su ne ke buƙatar zama.

Yadda aka shata ta

Kafin 1998 Etobicoke gari ne mai cin gashin kansa, da magajin garinsa da majalisarsa. Gwamnatin lardi ƙarƙashin firimiya Mike Harris ta haɗe shi da tsohon birnin Toronto da North York da Scarborough da York da East York, tare da hukumar da ke saman su duka, suka zama birni ɗaya daga 1 ga Janairun 1998. An yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Maris ɗin 1997, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka fito suka ce ba su yarda ba, lardi ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da abinsa. Ka riƙe wannan, domin zai sake dawowa a ƙarshen labarin.

Zaɓen farko na sabon birnin, a 1997, an yi shi ne da mazaɓu 28, kowace da kansila biyu. Wannan tsari wa'adi ɗaya kawai ya yi. A ƙarshen 1999 lardi ya sake yin doka ya rage kansiloli zuwa 44, adadin ƙananan hukumomin Kano, in kana neman abin da zai tuna maka. Hanyar da aka bi mai sauƙi ce: birnin yana da mazaɓun 'yan majalisar tarayya 22, sai aka tsaga kowace gida biyu, aka bar wa ɓangarorin biyu sunan uwarsu. Shi ya sa Mazaɓa ta 1 da Mazaɓa ta 2 dukansu "Etobicoke ta Arewa" ne sunansu, lamba ce kaɗai ta raba su. Ta 1 ta ɗauki can ƙuryar arewa, ta 2 ta ɗauki ɓangaren kudu, inda filin sukuwar dawaki na Woodbine yake, da wani yanki na unguwar Rexdale, da dogayen benayen titin Dixon da Somaliyawa suka cika tun farkon shekarun 1990, dab da filin jirgin saman Pearson. Wuri ne na masana'antu da rumbunan ajiye kaya, da gidaje na ƙasa da tsofaffin ma'aikata suka mallaka, da benayen haya cike da baƙin da suka zo daga Indiya da Pakistan da tsibiran Karibiyan da Afirka.

Ƙa'idojin wasan ma sai ka san su kafin alƙaluma su yi maka magana. Babu jam'iyya a takardar ƙuri'ar zaɓen birni a Ontario, suna ne zalla. Wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ya ci, ko da bai kai rabi ba. Magatakardan birni ne ke gudanar da zaɓen. Mai takardar zama ɗan ƙasa ne kaɗai ke jefa ƙuri'a, wanda yake da izinin zama na dindindin ba ya yi ko ya shekara ashirin a unguwar. Doka ba ta tilasta wa ɗan takara ya zauna a cikin mazaɓar da yake nema ba, muddin ya cancanci yin zaɓe a birnin. Wa'adi kuma shekara uku ne har zuwa 2006, daga nan ya koma huɗu.

Zaɓuka shida

Rob Ford ya fara gwada sa'arsa a 1997 a wata mazaɓa ta tsohon tsari, Kingsway-Humber, ya zo na huɗu a inda biyu ake ɗauka. Mahaifinsa Doug Ford babba yana majalisar lardi a lokacin, ɗan jam'iyyar Harris ta masu ra'ayin riƙau, kuma gidan yana da kamfanin buga takardun manna wa kaya, Deco Labels, a Etobicoke. Sunan dai ba baƙo ba ne a yankin.

Zaɓen 13 ga Nuwamban 2000 shi ne kaɗai aka yi gumurzu na gaske a tarihin mazaɓar. Elizabeth Brown kansila ce mai ci, daga tsohuwar mazaɓar Rexdale-Thistletown, amma sabuwar taswira ta yanke mata wani ɓangare na mutanenta ta haɗa ta da unguwannin da ba su taɓa ganin sunanta a takardar ƙuri'a ba. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari ga mai riƙe da kujera, domin rabin ƙarfinsa ya tafi da tsohuwar iyaka. Ford ya kayar da ita da ratar ƙuri'u sama da dubu ɗaya, shi kansa bai kai 6,000 ba. Jaridar Toronto Star ma shi ta mara wa baya a wancan zaɓe, ita ɗin da daga baya ta zama babbar abokiyar gabarsa.

Daga nan kujera ta zauna. A 2003 ya samu kimanin ƙuri'a 10,600, kusan kashi 80 cikin 100. A 2006 ya sauko zuwa kimanin 8,400, kashi 66, inda Cadigia Ali, 'yar asalin Somaliya, ta zo ta biyu can nesa. A 2010 ya bar kujerar ya nemi magajin gari, ya ci da kashi 47 a kan George Smitherman, shi kuma Doug, wanda bai taɓa riƙe muƙamin zaɓe ba, ya gaji mazaɓar da kimanin ƙuri'a 12,600, kashi 72. Wannan shi ne adadi mafi yawa da wani ɗan takarar kansila ya taɓa samu a wurin, kuma ba abin mamaki ba ne: ƙanensa yana saman takardar ƙuri'a, fitowar masu zaɓe a birnin ta tashi daga kimanin kashi 39 a 2006 zuwa kusan rabi, mutanen da suka fito don Rob suka dangwala wa suna iri ɗaya a layin ƙasa.

Zaɓen 2014 ne ya fi cancantar ka tsaya a kansa. A Mayun 2013 aka fara buga labarin wani bidiyo da ke nuna magajin gari yana shan hodar iblis, ya musanta wata da watanni, sannan ya amsa a Nuwamba, majalisar birni ta ƙwace mafi yawan ikonsa ta miƙa wa mataimakinsa Norm Kelly. Duk da haka ya nemi tazarce. Doug ya ce ba zai sake tsayawa kansila ba, don haka Michael, ɗan 'yar'uwarsu, ya yi rajistar takarar Mazaɓa ta 2. Sai ga shi a Satumba an gano ƙari a cikin Rob, wanda ya tabbata sankara ce. Ranar 12 ga Satumba, ranar ƙarshe ta shiga ko janyewa daga takara, aka yi musayar kujeru uku cikin 'yan sa'o'i: Rob ya janye daga neman magajin gari ya koma neman tsohuwar mazaɓarsa, Doug ya shiga takarar magajin gari a madadinsa, Michael ya sauka ya nemi kujerar wakili a hukumar makarantun birni. Doka ta yarda da hakan, domin babu jam'iyya balle zaɓen fid da gwani, takarda ce da kuɗin rajista dala 100 ga kansila, 200 ga magajin gari. Ranar 27 ga Oktoba Doug ya sha kaye a hannun John Tory, kashi 34 da kashi 40. Rob kuwa, yana jinya, kusan bai fita yaƙin neman zaɓe ba, ya ci da kimanin ƙuri'a 11,600, kashi 59. 'Yan takara fiye da goma ne suka raba sauran, babu wanda ya kai kashi 15.

Ga inda ɗalibai ke zamewa. In ka dubi kaso kaɗai za ka rubuta cewa abin kunyar 2013 ya zubar da Ford daga 80 zuwa 59. In ka dubi yawan ƙuri'u za ka ga na 2014 ya fi na 2003 da kusan dubu guda. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya faru shi ne mutanensa ba su ragu ba, sababbin masu zaɓe ne suka fito, a shekarar da fitowar birnin ta haura rabi, yawancinsu kuma suka watsu a kan 'yan takarar da suka kasa haɗa kai. Da adawa ta tsayar da mutum ɗaya ma da ba ta ci ba, kashi 41 ba ya kayar da 59. Amma da an ga tsaga a bangon.

Rob Ford ya rasu ranar 22 ga Maris 2016 yana da shekara 46. Idan kujera ta zama babu kowa, dokar lardi ta ba majalisa kwana 60 ta zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ta naɗa wani ko ta kira zaɓen cike gurbi. Da yake sauran wa'adin ya fi shekara biyu, sai aka kira zaɓe. Michael ya ajiye kujerarsa ta hukumar makarantu, ya tsaya, ya ci ranar 25 ga Yuli yana ɗan shekara 22, da kimanin ƙuri'a 6,500, kusan kashi 70. Kaso ya koma sama, ƙuri'u sun faɗo kusan rabi. Zaɓen cike gurbi ne a tsakiyar hutun bazara, babu takarar magajin gari da za ta jawo mutane, waɗanda suka fito su ne 'yan gani-kashe-ni.

Me ya sa suka yi ta ci

Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne cewa yankin na masu ra'ayin riƙau ne. Alƙaluma ba su goyi bayansa ba. A duk tsawon shekarun nan mutanen Etobicoke ta Arewa 'yan jam'iyyar Liberal suke turawa majalisar tarayya, Roy Cullen har 2008, Kirsty Duncan daga nan. A majalisar lardi ma Shafiq Qaadri na Liberal ne ya riƙe kujerar daga 2003 har 2018. Unguwa ɗaya, tana zaɓen Liberal a sama, tana zaɓen Ford a ƙasa. Ba aƙida ce ta riƙe kujerar ba.

A ganina abu na farko shi ne rashin jam'iyya a takardar ƙuri'a. Idan mai zaɓe ya shiga rumfa ya tarar da sunaye goma ba tambari ko ɗaya, sunan da ya sani shi ne jam'iyyarsa. Wannan ya shafi birnin duka: a Toronto da wuya a kayar da kansila mai ci, a zaɓe guda ba a cika samun fiye da 'yan ƙalilan da suka faɗi ba. Abin da ya bambanta Mazaɓa ta 2 shi ne sunan ya zama abin da ake iya miƙa wa wani. Michael da aka haife shi ba Ford ba ne sunansa na ƙarshe, a 2014 ya koma amfani da sunan gidan mahaifiyarsa, kuma duk mai nazarin zaɓe ya san abin da hakan ya ƙara masa a rumfa.

Na biyu, ƙanƙantar kujerar. Mazaɓa ce mai mutum dubu hamsin da wani abu, ka cire yara, ka cire baƙin da ba su samu takardar zama 'yan ƙasa ba, ka cire waɗanda ba sa fitowa, sai ka tarar ƙuri'a dubu shida zuwa takwas sun isa cin zaɓe. Adadin da mutum ɗaya zai iya bi ƙofa ƙofa ne cikin 'yan shekaru, kuma abin da Rob Ford ya yi ke nan. Yana raba lambar wayarsa, yana mayar da kira da kansa, yana ɗauko ma'aikacin birni ya kai shi ƙofar gidan mai ƙorafi a kan ramin titi ko bishiyar da ta faɗi ko famfon da ya lalace a gidajen hayar gwamnati. Yana horar da ƙungiyar ƙwallon makarantar sakandaren Don Bosco, irin ƙwallonsu mai kama da zari-ruga, wanda ya haɗa shi da iyayen yara baƙaƙen fata da yawa. Ga walimar gashin nama ta kyauta da gidan ke yi duk shekara. A zauren majalisa kuwa sau da yawa shi kaɗai ke kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, har a kan tallafin ƙungiyoyin unguwanni da talakawan mazaɓarsa ke amfana da shi. Mai zaɓe ba ya ganin wannan. Wanda ya zo ƙofarsa yake gani.

Na uku kuɗi ne, amma ba ta hanyar da za ka zata ba. Doka ta ƙayyade abin da ɗan takarar kansila zai kashe: daga 2010, dala 5,000 da ƙarin santi 85 a kan kowane mai zaɓe, wato a mazaɓa mai masu zaɓe 35,000, alal misali, dala 34,750. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowane kansila yana da kasafin ofis na dala 53,100 a shekara a wancan zamani, Ford kuma ya yi suna da ƙin taɓa shi, yana biyan kuɗin takardu da aika wasiƙu daga aljihunsa, yana kuma karanta wa jama'a abin da abokan aikinsa suka kashe. Har sai da aka sa masu binciken birni suka duba lamarin a 2007, kan cewa ba ya bayyana abin da yake kashewa. Dabara ce mai kyau, sai dai ɗan masu kamfani ne kaɗai zai iya yin ta. Kansilan da albashinsa ne abincinsa ba shi da wannan zaɓi.

Wanne ya fi nauyi cikin ukun? Ni na fi ba na biyu ƙarfi a zamanin Rob, na farko kuma a zamanin Doug da Michael. Amma ka rubuta shi a matsayin hukuncinka, domin takardar ƙuri'a ba ta faɗin dalili, kuma ba a cika yin binciken jin ra'ayi mai inganci a matakin mazaɓar kansila ba.

Yadda aka soke ta

Taswirar 2000 ta tsufa. Benaye sun yi ta tashi a tsakiyar birni har wasu mazaɓu suka kusa ninka wasu yawan jama'a. Birnin ya ɗauki masana suka yi nazari, majalisa ta amince da mazaɓu 47 a Nuwamban 2016, hukumar sauraron ƙorafin ƙananan hukumomi ta lardi ta tabbatar da shi a Disambar 2017. Aka buɗe rajistar 'yan takara ranar 1 ga Mayun 2018 a kan wannan taswira.

Ranar 7 ga Yuni Doug Ford ya ci kujerar Etobicoke ta Arewa a majalisar lardi, jam'iyyarsa ta samu rinjaye, aka rantsar da shi firimiya ranar 29 ga wata. Ranar 27 ga Yuli, ranar da ake rufe rajistar, ya sanar cewa zai rage mazaɓun zuwa 25, kowace ta yi daidai da mazaɓar ɗan majalisar tarayya da na lardi. 'Yan takara sama da 500 sun riga sun shiga, wasu sun buga allunansu sun kama ofis. Tunanin ba sabo ba ne a gidan, domin rage kansiloli daga 44 zuwa 22 yana cikin alkawuran Rob na 2010, majalisar ce ba ta yarda ta yanka kanta ba. Dokar ta fara aiki ranar 14 ga Agusta. Ranar 10 ga Satumba mai shari'a Edward Belobaba ya soke ta, ya ce canza taswira ana tsakiyar zaɓe ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma mazaɓar da ta tashi daga matsakaicin mutum 61,000 zuwa kusan 111,000 ta yi wa kansila ɗaya yawa. Ford ya ce zai yi amfani da sashe na 33 na kundin 'yancin ɗan ƙasa, wanda ya ba majalisa damar zartar da doka duk da hukuncin kotu. Bai kai ga haka ba, don ranar 19 ga Satumba kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hukuncin Belobaba, aka yi zaɓen 22 ga Oktoba da mazaɓu 25.

Kotun ƙolin Kanada ta rufe maganar ranar 1 ga Oktoban 2021, alƙalai biyar da huɗu, ta ba lardi gaskiya. Hujjar masu rinjaye ita ce kundin tsarin mulkin 1867 ya sanya ƙananan hukumomi ƙarƙashin larduna kacokan, haƙƙin zaɓen da kundin 'yanci ya lamunce na majalisar tarayya ne da ta lardi, bai haɗa da ta birni ba, kuma 'yan takara sun samu kwana 69 na yaƙin neman zaɓe a sabuwar taswira. A nan za ka iya yi wa malaminka kwatance mai amfani: sashe na 7 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, tsarin mulkin ya kuma jera sunayensu a jadawali, alhali birni mai mutum kusan miliyan uku kamar Toronto ba shi da ko layi ɗaya a nasu da ya lamunce masa zaɓaɓɓiyar majalisa. Gwamnati ta ce ragin zai tsimi dala miliyan 25 cikin shekara huɗu. Sabuwar majalisa tana zama a Disambar 2018 ta ninka kasafin ma'aikatan ofishin kowane kansila, tunda aiki ya ninku.

Mafi yawan tsohuwar Mazaɓa ta 2 ya faɗa cikin sabuwar Mazaɓa ta 1, tare da tsohuwar ta 1. Kansiloli biyu masu ci suka haɗu a kujera ɗaya: Michael Ford da Vincent Crisanti, wanda ya ƙwace tsohuwar ta 1 daga hannun Suzan Hall a 2010, kuma tsohon na hannun daman gidan Ford ne. Michael ya ci da kimanin kashi 42, Crisanti 34. Ka lura da wannan adadi, shi ne mafi ƙanƙantar kaso da ɗan gidan ya samu a takarar kansila tun 2000, kuma ya zo ne a karon farko da ya kara da wani mai nasa sunan a mazaɓar da ta fi ƙarfin bi ƙofa ƙofa. A Yunin 2022 Michael ya wuce majalisar lardi daga mazaɓar York South-Weston, Crisanti ya ci kujerar a Oktoban shekarar.

Bin diddigi

Ka fara da taswira kafin ka taɓa alƙaluma. Hanyar da nake bi ita ce in rubuta kowane sakamako tare da ranar zaɓe da adadin mazaɓun birnin a ranar: 28, 44 ko 25. Shekarar 2018 kaɗai tana da taswira uku, ta 44 da kansiloli ke aiki a kanta, ta 47 da aka yi rajista a kanta ba a taɓa jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, da ta 25. Labarin jarida na Yuni ko Yulin 2018 da ya ce wane yana takara a "Mazaɓa ta 2" yana maganar taswirar da ta mutu a ciki ne. Haka kuma kada ka ɗauka tsohuwar ta 1 da tsohuwar ta 2 in an haɗa su sun zama sabuwar ta 1 cif. An yanko tsofaffin daga taswirar tarayya ta tsakiyar shekarun 1990, an sake shata waccan taswira sau biyu kafin 2018, don haka sai ka ɗora iyakokin biyu a kan juna ka ga titunan da suka fita.

Sakamakon hukuma daga 2003 zuwa yau yana shafin buɗaɗɗun bayanai na birnin, rumfa rumfa, a jadawalin da za ka iya saukewa. Na zaɓen cike gurbi a fayil daban yake, shi ya sa mutane da yawa ke tsallake 2016 su ce zaɓe biyar aka yi. Na 1997 da 2000 sai ka nemi sanarwar magatakarda ko ma'adanar tarihin birni. Kada ka ɗauki alƙaluman daren zaɓe daga jarida, na wucin gadi ne, sukan ɗan bambanta da waɗanda magatakarda ya sa wa hannu bayan 'yan kwanaki.

A jadawalinka ka ware gurbi ga waɗanda ke cikin rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a, jimillar ƙuri'un kansila, na wanda ya ci, na mai bi masa, yawan 'yan takara, da ko akwai mai ci a cikinsu. Gurbi na biyu da na uku ba ɗaya ba ne, domin wasu magajin gari kawai suke zaɓa su bar layin kansila fanko, kuma kaso yana canzawa gwargwadon wanda ka raba da shi. Kason fitowa kuma ka riƙe shi da hannu biyu: a wancan zamani hukumar ƙiyasta darajar gidaje don haraji ce ke haɗa rajistar masu zaɓe, ta fi sanin masu gida fiye da 'yan haya, don haka a mazaɓa mai benayen haya da yawa rajistar kan ɗauki sunayen waɗanda suka tashi, ta rasa waɗanda suka tare.

In kana so ka ci gaba da layin bayan 2018, wato ka ga yadda tsohon yankin ya yi zaɓe a ƙarƙashin sabuwar taswira, sai ka ɗauki taswirar rumfunan 2018, ka ware waɗanda suka faɗa cikin tsohuwar iyaka, ka tara ƙuri'unsu. Matsala biyu za ka ci karo da su. Wasu rumfunan iyaka ta ratsa su, sai dai ka raba su bisa ƙiyasin yawan gidaje. Ƙuri'un da aka jefa kafin ranar zaɓe kuma a dunƙule ake kawo su ga mazaɓa duka, ba su da unguwa, sai ka rarraba su gwargwadon kason kowane ɓangare. Abin da ya fito ƙiyasi ne, ka kira shi ƙiyasi. Lambar rumfa ma tana canzawa daga zaɓe zuwa zaɓe, rumfa ta 12 a 2006 ba lalle ta zama wuri ɗaya da ta 12 a 2014 ba.

Jarabar da za ta fi jan ka ita ce ka ga rumfar da ke cikin benayen Dixon ta ba Ford rinjaye ka rubuta cewa Somaliyawa sun zaɓe shi. Rumfa tana gaya maka abin da waɗanda suka fito a wurin suka yi, ba ta gaya maka su wane ne su ba, kuma a bene mai baƙi da yawa masu ƙuri'a na iya zama kaso kaɗan na mazauna. Iyakar abin da za ka iya rubutawa shi ne sakamakon rumfar, da abin da ƙidayar jama'a ta nuna game da unguwar, kowanne a layinsa. A kan aikin naka kuma ka sa sunan a cike, "Mazaɓa ta 2, Etobicoke ta Arewa, 2000 zuwa 2018", don kada malaminka ya buɗe shafin birni ya tarar da Holyday kamar yadda ka tarar.